Yadda Ilimin Aruli Ya Iso Waƙar Hausa

Tun kafin a rubuta ƙa'ida ko ɗaya, Larabawa suna yin waƙa a kan ma'auni wanda kunne ya sani amma harshe bai ba shi suna ba, sai da Allah ya kawo Halilu ɗan Ahmad Alfarahidi, malamin Basra na ƙarni na 2 bayan Hijira, wanda ya bi diddigin ƙasidun magabata, ya rarrabe motsi da sukuni a cikin kowane baiti, har ya fitar da baharori 15 ya shirya su cikin da'irori 5. Daga baya aka ƙara na 16, wato Mutadarak, wanda ake jingina shi ga Ahfash. Wannan shi ne aruli. Ɗan'uwansa kuwa shi ne ilimin ƙafiya, mai kula da harafin da baiti ke sauka a kansa.

Da malamai suka shigo ƙasar Hausa da littattafai, fannin nan ya biyo su, amma a ganina hanyar da ta fi ƙarfi ita ce ta kunne, domin almajirin da ya shekara yana rera Ishiriniya ta Alfazazi da Burda ta Busiri a zauren malaminsa, ya sha karin Ɗawil da na Basiɗ tun bai san sunansu ba. Sannan harshen kansa ya taimaka ƙwarai, gama Hausa, kamar Larabci, tana bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi, don haka ma'aunin ya zauna mata ba tare da an murɗe kalma ba. Saboda wannan ne, lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u da almajiransu suka ɗauki waƙa domin wa'azi da karantar da jama'a, sai siffar ƙasida ta kafu a ajami sosai: buɗewa da sunan Allah da salati, baiti ƙwar biyu ko ƙwar biyar, amsa-amo guda daga farko har ƙarshe, da tahamisi, inda wani zai ƙara ɗango uku a kan kowane baitin wanda ya riga shi.

Nazarin wannan duka a rubuce ya zo a makare. Greenberg ya yi bayanin ma'aunin waƙar Hausa a 1949, Galadanci ya gwada ta da ta Larabci a 1975, Ɗangambo kuma ya shimfiɗa wa ɗalibai hanyar feɗe waƙa da Hausa. A nan ne masana irin su Dalhatu Muhammad suka nuna abin da ya kamata a yi masa adalci, cewa marubuta da dama daga makaɗa suke aro karinsu, kuma wanda ya tilasta wa irin wannan waƙa bahari na Halilu, zai yi ta kirga mata zihafi da illa, wato sauye-sauyen da ke shiga ma'auni, alhali lafiyarta lau.