Noman rani a Kano

Noman rani shi ne shuka ta hanyar ban ruwa bayan damina ta ɗauke. A ƙasar Kano ana yin sa a fadamu da bakin rafi, akan noma tumatir, tattasai, albasa, alayyafo da alkama. A da jigo ake ɗebo ruwa da shi. Yau injin ban ruwa mai shan fetur ya maye gurbinsa, shi ya sa tsadar mai ke taɓa manomi kai tsaye.

Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ita ke shayar da gonakin Kadawa, Kura da Bunkure ta magudanai. Nan rabon ruwa yakan jawo taƙaddama, domin mai gona a ƙarshen magudana ne ke jira, kuma ƙungiyoyin manoma ke sasantawa. A cikin birni kuwa, masu lambu a bakin rafin Jakara na amfani da ruwa mai datti, abin damuwa ƙwarai ga lafiya.

Unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni sun cika da gidaje, don haka kayan miyansu daga irin waɗannan gonaki yake zuwa.