Mu tuna da ƴan wasan Samariya na jahar Difa

 

Darasinmu na yau tarihi ne, tarihin mutanen da kuka sani. Za mu tuna da ƴan wasan Samariya na jahar Difa, masu waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Da yawa cikinku kun girme ni, kun ga wasansu da idonku. Wataƙila ma da ku aka yi. Ku karanta sannu a hankali, domin a ƙarshe akwai aikin da ke jiran ku.

A ƙasashen Turai akwai wani wasan kwaikwayo da ake kira opera. A Italiya ya samo asali, wajen shekara ta 1600. Da waƙa ake ba da labarinsa, makaɗa suna rakiya. A garuruwan Ingila, ma'aikata da ƴan kasuwa sukan kafa ƙungiya, su riƙa yin sa bayan an tashi aiki, don sha'awa kawai. Mu ma a Nijar mun yi irin namu, a cikin Samariya.

Asalin abin

Samariya ta daɗe a ƙasarmu. Tun kaka da kakanni samarin gari suna da sarkin samari. Shi ke kiran gayya, shi ke shirya kiɗa a dandali.

Ran 15 ga watan Afrilu 1974 soja suka karɓi mulki, Seini Kunce ya zama shugaban ƙasa. Lokacin nan ana fama da fari da yunwa. Gwamnatinsa ta raya Samariya a unguwanni da ƙauyuka. Da rana a yi shara, a gina aji, a dasa itace. Da dare kuma a yi wasa.

A shekara ta 1976 aka fara babban bikin matasa na ƙasa, wanda kowa ke kira festibal. A Damagaram aka buɗe shi. Daga nan ya riƙa zagaya manyan garuruwan jahohi, har Difa ma ta karɓi baƙi. Ana gasar waƙa, da kiɗa, da wasan kwaikwayo, da rawa mai ba da labari wadda ake kira bale. Kafin a kai can, sai an yi tankaɗe da rairaya: unguwa ta kara da unguwa, gari ya kara da gari, sannan a fid da waɗanda za su tsaya wa jaha.

Abin da Difa ta kai

Tun 1964 Difa ta zama jaha, tare da Maine-Sorowa da Ngigmi. Daga garin Difa zuwa Yamai ya fi kilomita 1,300. Saboda wannan nisa, mutanen yamma da yawa ba su san mu ba sai ta bakin ƴan kasuwa: tattasan Komadugu da bandar kifin tafkin Cadi.

Ƴan wasa ne suka nuna musu sauran. A jahar nan akwai Mangawa da Mobar, waɗanda duka Barebari ne. Akwai Fulani, da Tubawa, da Larabawa, da Buduma mutanen tafki, da Hausawa. Kowa da harshensa, kowa da takensa. Ƙungiyar jaha ita ke haɗa su a fage guda. In algaita ta tashi, ganga ta amsa, mata suka shigo da lafaya suna taku a natse, ko ba a faɗa ba an san mutanen gabas ne. Gidan rediyon Muryar Sahel yana watsa waƙoƙin. Manomi a bakin Komadugu ya kunna akwatinsa, ya ji harshensu yana fitowa daga Yamai. Wannan ba ƙaramin abin alfahari ba ne.

Su wane ne ƴan wasan?

Mutanen unguwa ne kamar ku, ba su da albashin wasa. Akwai tela, wanda shi ke ɗinka kayan fage. Akwai manomin tattasai da ke zuwa gwaji da laka a ƙafa. Akwai malamin lakwal mai tsara fitowa, da ƴan mata masu amshi. Ba kowane uba ke barin ɗiyarsa ta fita da dare ba. Sai shugabanni sun je gida sun yi roƙo, sun ɗauki alkawarin rako ta har ƙofa.

Ga yadda suke shirya wasa. Su zauna a kan tabarma, su zaɓi labari. Su raba shi kashi kashi. A ce wane kai ne uba, wance ke ce amarya, wane kai ne alkali. Maganar da kowa zai faɗa, daga kansa take fitowa. A yi ta gwaji dare bayan dare. Abin da ya ba da dariya a riƙe shi, wanda bai yi armashi ba a zubar. Yawancin wasannin Hausa na lokacin haka aka yi su, har da na ƙungiyar Yazi Dogo, malamin makarantar nan da ya yi suna a talbijin.

Labaran kuwa na cikin gida ne: auren dole, tsadar aure, tafiya ci-rani, cin hanci, wahalar wanda bai iya karanta wasiƙarsa ba. Gaskiya ne hukuma tana da hannu a ciki. Tana son a isar da saƙonta, kuma an yi waƙoƙin yabon masu mulki. Duk da haka ƴan wasa sun san hanyarsu. Sukan kwaikwayi ma'aikaci mai girman kai ko ɗan kasuwa mai ɓoye hatsi, manya suna zaune a gaba, jama'a suna ta shewa.

Yadda fage ya mutu

Seini Kunce ya rasu ran 10 ga watan Nuwamba 1987. A 1991 aka yi Babban Taron Ƙasa, jam'iyyu suka yawaita. Mutane suka ɗauki Samariya abin tsohon mulki, ta yi ta ja da baya. Bidiyo da finafinan Kano suka cika gidaje. Sannan a watan Fabrairu 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana fitar dare. Ƙauyuka da yawa na bakin Komadugu suka tashi, mutanensu suka koma bakin kwalta. Abokan wasa na dā suka warwatsu.

Tun da ba a rubuta wasannin ba, suna cikin kawunan tsofaffi. Duk wanda ya rasu cikinsu, ya tafi da nasa kashi.

Darasin biram

Buduma suna da wani abin kiɗa mai tsirkiya 5, mai kama da jirgin ruwa. Sunansa biram. An kai lokacin da gwaninsa ɗaya ya rage, dattijo Bukar Tar. A shekara ta 2002 Malam Mamman Barka, malamin makaranta mai kaɗa gurumi, ya zo bakin tafki da taimakon UNESCO. Ya zauna gaban dattijon, ya koya. Daga baya ya kai biram har Turai, aka ɗauki kiɗan a faifai. Malam Barka ya rasu a 2018, amma ana jin biram har yau. Da ya yi jinkiri, da an yi hasara.

Aikinku

Ƴan'uwa, yanzu alƙalami ya zauna a hannunku. Cikin makon nan kowa ya nemi dattijo ko dattijuwa guda da ta yi wasan Samariya. Ku gaishe su da ladabi, ku tambaye su abu uku:

1. A wace unguwa ko wane gari kuka yi wasa, kuma su wa kuka yi tare?
2. Wane labari kuka nuna, kuma wa kika fito ko wa ka fito?
3. Wace waƙa kuke tunawa?

Ku rubuta amsar a littafinku, ko da layi biyar ne. In da Barbarci ko Fulatanci aka rera waƙar, ku rubuta ta yadda kuka ji, malaminku zai taimaka. Ku sa sunan mai ba da labari, da ranar da kuka rubuta. Ku kawo aji mu karanta tare, sannan ku koma ku karanta wa mai labarin, ya ji abinsa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba jaharmu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.