Lambun da Bai Taɓa Ƙasa Ba: Tarihin Noman Ganye a Cikin Ruwa

A farkon ƙarni na 17, wani likita mai suna Jan Baptista van Helmont, mutumin ƙasar da a yau ake kira Beljiyam, ya busar da ƙasa mai nauyin kusan kilo 90, ya zuba ta a babbar tukunya, ya dasa reshen itacen wilo da bai wuce kilo biyu da 'yan kai ba. Shekara biyar ba abin da yake ba shi sai ruwa. Da ya tuge itacen ya ɗora a sikeli, sai ya tarar ya kai wajen kilo 77. Ƙasar kuwa, da aka sake busar da ita aka auna, abin da ya ragu a cikinta bai cika giram 60 ba. Van Helmont ya yanke cewa ruwa ne ya rikiɗe ya zama itace. Bai san iska ma tana da nata babban kason ba, amma gwajin, wanda aka buga a 1648 bayan rasuwarsa, ya bar wa na baya tambaya mai nauyi. Idan tsiro ba cin ƙasa yake yi ba, me yake nema a cikinta?

Duk mai kafa farin bututun roba a barandarsa yau, latas na leƙowa ta ramukansa daga sama har ƙasa, amfanin amsar wannan tambaya yake ci.

Masu tallar irin wannan lambu suna son jingina shi da lambun Babila ko da gonakin Aztek na tafkin Meziko. Wannan ƙawata zance ne kawai. Har yau masu tonon kayan tarihi ba su gano inda lambun Babila yake ba, kuma marubutan da suka siffanta shi cewa suka yi ƙasa aka jibga a kan benaye. Su kuwa Aztek laka suke kwasowa daga gindin tafki su tara ta har ta zama tsibiri, sannan su shuka masara da wake a kai. Noman ƙasa ne, kuma na ƙwararru. Asalin noman ruwa a cikin kwalba yake, a ɗakin gwaji.

A 1699 wani Bature ɗan Ingila, John Woodward, ya buga sakamakon abin da ya yi da na'a-na'a. Ya tsoma rassanta a kwalabe, wannan da ruwan sama, wannan da ruwan kogin Thames, wannan da ruwan da aka dama masa ƙasar lambu. Wadda ta fi kowacce girma ita ce ta cikin ruwa mai ƙasa, ta ruwa garau kuwa ta tsumbure. Ashe dai akwai abin da ke narkewa daga ƙasa ya shiga ruwa, kuma shi saiwa take zuƙa. Gano ko mene ne shi ya ci fiye da shekara 150. Sai wajen 1860 wasu Jamusawa biyu, Julius von Sachs da Wilhelm Knop, kowa a nasa wurin, suka narkar da 'yan sinadarai a ruwa bisa awo, suka reni tsiro a ciki tun daga tsiro har ya yi iri, ba tare da ƙwayar ƙasa ko ɗaya ba. Jerin bai da tsawo: naitirojin da fosfaras da fotasiyam, wato ukun nan da ake rubuta haruffansu a jikin buhun takin zamani, sai kalsiyam da magnesiyam da farar wuta, da ɗan ɗigon ƙarfe. Daga baya aka gano wasu da tsiro ke bukata kaɗan ƙwarai.

Shekara kusan 70 abin bai fita daga hannun masana ba. Hanya ce ta gane abin da ke sa ganye ya yi rawaya ko ya ƙanƙance, ba wanda ya ɗauke ta a matsayin hanyar cika tukunya.

Wanda ya fitar da ita kasuwa shi ne William Frederick Gericke na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Daga 1929 ya tashi haiƙan yana cewa abin da ake yi a kwalba za a iya yin sa a kwatami. Ya shimfiɗa ragar waya a kan tankin ruwan sinadari, ya baza ɗusar katako a kai don ta riƙe tsiro, saiwa ta zura ta cikin raga ta sha. A farfajiyar gidansa tumatir ya yi ta hawa har ya haura mita bakwai, sai da tsani ake tsinkarsa. Jaridun Amurka suka yi ta yayata hotunan, a daidai lokacin da ƙurar fari ta binne gonakin tsakiyar ƙasar, mutane na neman kowace irin mafita. A 1937 ya laƙaba wa sana'ar sunan da ake kiranta da shi har yau, haidirofonik.

Wasiƙu suka yi wa jami'ar ruwa, kowa na son a faɗa masa sirrin haɗin. Gericke ya ƙi sakin bayanansa, aka yi ta ja-in-ja har ya bar aiki. Jami'ar ta ɗora wa wasu malamanta biyu, Dennis Hoagland da Daniel Arnon, aikin bin diddigi. A 1938 suka fitar da ɗan littafinsu, suka bayyana haɗin ruwan ga duk mai so, haɗin da har gobe ɗalibai ke amfani da shi da sunan Hoagland. Amma sun haɗa da magana mai sanyaya gwiwa. Sun shuka tumatir a ruwa da yashi da ƙasa mai kyau, suka ba kowanne kulawa iri ɗaya, kuma ba su ga wani fifiko na a-zo-a-gani da na ruwa ya yi ba. Wannan hukunci ya cancanci a riƙa tuna shi, domin shekarun da suka biyo baya sun gaskata shi sau da dama. Noman ruwa ya yi rawar gani ne a wuraren da ƙasa ta gagara.

Misali na farko tsibirin Wake ne, wani ɗan ɗigon murjani a tsakiyar tekun Fasifik inda jiragen kamfanin Pan American ke yada zango su sha mai a shekarun 1930. Ba ƙasar noma a wurin, kuma kawo ɗanyen ganye ta jirgi tsada gare shi, don haka aka noma wa fasinjoji da ma'aikata kayan lambu a tankuna. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka suka yi haka a tsibirin Ascension da ke tekun Atlantika, wanda kusan duk ƙonannen dutse ne. Bayan yaƙin suka gina babbar gona mai faɗin kadada 22 a Chofu, kusa da Tokyo, domin manoman Japan na lokacin da bayan gidan mutane suke takin lambu, hukumomin soja kuwa ba su yarda dakarunsu su ci ɗanyen latas daga irin wannan gona ba. Kwatamai ne na siminti cike da tsakuwa, a cika su da ruwan sinadari, a zuƙe, a sake cikawa.

Siminti da tsakuwa ba kayan mai gidan haya ba ne. Roba ce ta sauya lissafi. A shekarun 1960, a wata cibiyar bincike da ke Littlehampton a kudancin Ingila, Allen Cooper ya nuna cewa ba a bukatar tanki mai zurfi. Ya isa a bar siririn ruwa yana gangarowa ta cikin kwararon roba mai ɗan karkata, ƙasan saiwa na cikin ruwa, samanta na shaƙar iska, ruwan ya koma tanki famfo ya sake turo shi. A ƙarshen shekarun 1960 ɗin kuma wani kamfani a Denmak ya fara sarrafa narkakken dutse ya zama kamar auduga, ana yanka shi ƙanana ana shuka iri a ciki. Manoman gidajen gilashi na Holan suka rungume shi, har ya zama yawancin tumatir da tattasai da kokwambarsu ba sa ganin ƙasa.

Tunanin ɗaga lambu sama ya zo ta wata hanya daban. A bikin baje kolin lambuna na Biyana, babban birnin Austiriya, a 1964, injiniya Othmar Ruthner ya kafa hasumiyar gilashi mai tsawon mita 41, tukwanen shuka na zagayawa a cikinta a kan sarƙa, su hau su sauko, kowace ta sami rabonta na rana da ruwa. An gina wasu irinta a ƙasashe da dama, amma kuɗin gini da na wuta suka kashe su. A 1982 aka buɗe wata rumfar noma a filin shaƙatawa na Epcot a Florida, inda 'yan yawon buɗe ido ke wucewa a kwalekwale suna kallon tsirrai a rataye, ana fesa wa saiwoyinsu ruwa. Ɗaya daga cikin ma'aikatan wurin, Tim Blank, shi ne daga baya ya ƙera hasumiyar roba ta gida da ake sayarwa da sunan Tower Garden.

Tsarinta, da na duk masu kwaikwayonta da bututun famfo, mai sauƙi ne. A ƙasa akwai bokiti ko ƙaramin tanki mai murfi, a cikinsa ɗan famfo irin na tankin kifi. Famfon na tura ruwa ta siririn tiyo zuwa ƙolin bututu, ruwan ya zubo ta ciki yana yayyafi. An huda jikin bututun ramuka a karkace, kowane rami da ɗan kofi mai raga, tsiro na zaune a ciki, ganye a waje, saiwa a duhu tana lilo. Filin da bai fi na tabarmar salla ba sai ya ɗauki tsiro 20. Lafiyayyar saiwa fara ce sol. Idan ruwan ya ɗumama, iskar da ke cikinsa ta ragu, sai saiwar ta koma ruwan ƙasa, ta yi yauƙi, ta fara wari. Idan haske ya shiga tanki, gansakuka ta mamaye shi. Tsamin ruwan ma sai an riƙa aunawa, a riƙe shi tsakanin 5.5 da 6.5 a ma'aunin pH, in ba haka ba sinadari na cikin ruwa amma tsiro ya kasa sha. Mafi muni shi ne ɗaukewar wuta da rana tsaka, domin saiwar da ba ta da ƙasar da za ta riƙe mata laima cikin 'yan sa'o'i take bushewa.

A 1999 Dickson Despommier, malami a Jami'ar Columbia da ke New York, ya sa ɗalibansa su ƙiyasta mutum nawa lambunan rufin gidajen Manhattan za su ciyar. Suka ce wajen kashi biyu cikin ɗari. Daga nan ya fara zancen bene mai hawa 30 da zai ciyar da mutum 50,000, kuma littafinsa na 2010 ya kunna wutar abin a zukatan masu jari. Fitilun LED sun yi araha, sai aka yi ta zuba ɗaruruwan miliyoyin dala a manyan ɗakunan ajiya da aka jera wa kantoci har rufi. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. A cikin kamfanonin da suka yi wannan noma, AeroFarms na Newark ya shigar da takardar karyewa a Yunin 2023, Bowery ya rufe a ƙarshen 2024, Plenty ya bi sahu a Maris na 2025. Rana kyauta take haska gona, fitila kuwa sai an biya, kuma abin da ke fitowa latas ne da ganyen ƙamshi. Alkama da shinkafa da dawa, waɗanda su ne ke riƙe cikin duniya, ba su taɓa biyan kuɗin fitila ba.

Ƙananan ne suka rayu, kuma tarihinsu ya fi cancantar a ba da shi. A 2009 wata mai zane a Brooklyn, Britta Riley, ta kifa gorunan ruwa na roba a jere, ɗaya bisa ɗaya, a tagar ɗakinta, ta sa famfon iska na tankin kifi yana ɗaga ruwa zuwa gorar sama yana ɗigowa. Ta saki bayanin kyauta, dubban mutane a ƙasashe daban-daban suka gwada, suna gyara kurakuran juna. Tun kafin ita, a ƙarshen shekarun 1980, matan unguwar Jerusalén, wata unguwar talakawa a kan duwatsun Bogota a Kolombiya, sun riga sun noma latas a rufin ɗaki da tsakar gida cikin tsofaffin akwatuna da buntun shinkafa, da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar, FAO, ta ɗauki wannan salo mai araha ta kai shi Dakar a 1999. A can tebur ne na katako mai murabba'in mita ɗaya, a shimfiɗa masa leda, a cika shi da ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa, a riƙa zuba ruwan sinadari da hannu. Mata suka fi yawa a cikin masu yi, kuma na'a-na'ar shayi na cikin abin da ya fi saurin shiga kasuwa.

Matsalar wuta ma an sami mai magance ta. Bernard Kratky na Jami'ar Hawayi ya nuna cewa ana iya noma latas a rufaffen bokiti ba famfo ba waya. A cika shi da ruwan sinadari sau ɗaya, tsiro na sha ruwan na ja da baya, sararin da ya bari tsakanin murfi da ruwa ya zama wurin numfashin saiwa, kafin ruwan ya ƙare latas ya isa yanka.

A sansanonin 'yan gudun hijirar Sahrawi da ke kusa da Tindouf a hamadar Aljeriya, wani masanin noma daga cikin 'yan gudun hijirar, Taleb Brahim, ya juya dabarar zuwa abincin dabbobi. Ana jiƙa sha'ir, a baza shi a farantai, a jera su kanta bisa kanta a cikin inuwa, ana yayyafa ruwa. Cikin kwana bakwai zuwa goma ya zama koren ciyawa mai kauri da ake naɗowa da saiwarsa a ba awaki, a wurin da a da sukan ci kwali da leda saboda yunwa. Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, ta tallafa wa aikin, sannan ta kai shi gabashin Chadi, inda 'yan gudun hijirar Sudan ke yin sa don ciyar da dabbobinsu a watannin rani.