Wutar Mai Masauki da Itatuwan Gezawa: Tarihin Wata Ƙidaya

Gabatarwa

Duk wanda ya sauki baƙo sai ya hura wuta, domin akwai ruwan wanka da za a ɗuma, akwai tuwo da za a tuƙa, akwai kuma fitila da za a kunna. Saboda haka tarihin sana'ar saukar baƙi a ƙasar Kano ba ya rabuwa da tarihin makamashi. A wannan zamani masana sun tabbatar da cewa iskar kabon da ke fita daga ƙona man fetur da kwal da dazuzzuka ita ce babban sanadin ɗumamar duniya, har ya zama ana neman kowane mai otal ya san yawan abin da gidansa ke fitarwa. Wannan lacca za ta dubi yadda aka taɓa yin irin wannan lissafi a karkarar Gezawa da maƙwabtanta, da yadda ƙidaya ta rushe hasashen da manyan masana suka yi, da kuma abin da masu masauki da ma'aikatan hukuma za su iya ɗauka daga ciki.

Zamanin Fatake da Jakuna

Kafin zuwan Turawa, baƙon da ya shigo birnin Kano da fatauci yakan sauka ne a gidan fatoma. Shi fatoma shi ne zai ba shi ɗaki, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye a kasuwar Kurmi, sa'an nan ya karɓi la'adarsa. Gida ɗaya yakan ɗauki baƙi masu yawa a lokacin rani, kuma duk abincin da za su ci da itace ake dafa shi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai baƙi suka ƙaru, masu sayar da abinci a tasha da bakin kasuwa su ma suka ƙaru.

Itacen nan kuwa daga ƙauyukan da ke kewaye da birni yake zuwa, watau irin su ƙasar Gezawa da ke arewa maso gabas da Kano. Ƙasa ce mai cunkoson jama'a, wadda kusan babu daji a cikinta, gona na jingine da gona, kuma ana noma kowace shekara ba tare da an bar ƙasa ta huta ba. Amma gonakin cike suke da gawo da ɗorawa da tsamiya da kanya da kuka. Manomi ba ya kayar da itace mai rai sai da babban dalili. Abin da yake yi shi ne ya daddatse rassa da rani, ya ba dabbobi ganye, ya busar da sauran, ya ɗora wa jaki zuwa birni. In jakin zai komo, sai a cika masa mangala da takin birni, watau toka da shara da kashin dabbobi. Ta haka tokar murhun mai masauki take komawa gonar da itacen ya fito.

Wannan tsari shi ne Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka bayyana a rahotonsu na 1965 kan ƙasa da jama'a a kewayen Kano. A cikin shekarun 1960 har tsayawa aka yi a hanyoyin shiga birni ana ƙirga jakuna da irin kayan da suke ɗauke da shi. Aiki ne na fensir da takarda, amma shi ya aza harsashin duk abin da ya biyo baya.

Hasashen da Aka Yi

Farin da aka yi tsakanin 1972 da 1974 ya tayar da hankalin duniya game da ƙasashen bakin hamada. A 1975 wani Ba'amurke mai suna Erik Eckholm ya wallafa wata ƙasida wadda ta yi tashe, inda ya nuna cewa ƙarancin itacen girki wata masifa ce da ke tafe wa talakawan duniya. Daga nan masana na Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fito da wata hanyar lissafi mai sauƙi: a ɗauki yawan jama'a, a ninka da itacen da ake zaton mutum ɗaya yana ƙonawa a shekara, a kwatanta da abin da ake zaton itatuwa suna tofowa. In na farko ya fi na biyu, to an sami giɓi, kuma giɓin nan zai yi ta faɗi har itatuwa su ƙare.

Bisa wannan lissafi, babu inda ya kamata ya riga kewayen Kano zama fili fetal, tun da nan ne jama'a suka fi yawa, ga kuma babban birni yana ci kullum. Manomi da jakinsa su aka ɗora wa laifi. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, alƙaluman da aka gina hasashen a kansu yawancinsu zato ne, ba wanda ya shiga gonakin ya ƙirga.

Abin da Ƙidaya ta Nuna

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A cikin shekarun 1980 malaman Sashen Labarin Ƙasa na Jami'ar Bayero, cikinsu har da Mortimore da Reginald Cline-Cole da J. A. Falola da Janet Nichol, suka ɗauki aikin bin diddigin itacen da Kano ke ƙonawa. Sun gwada hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a shekaru dabam-dabam, sun shiga gonaki sun auna kaurin itatuwa, sun kuma bi 'yan itace da direbobin manyan motoci suna tambayar inda kaya ya fito. Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga sakamakon a 1990.

Abu biyu suka bayyana. Na farko, itatuwan gonakin kewayen birni ba su ragu ba. Manoma suna riƙe da kimanin itace 12 zuwa 15 a kowace hekta, watau eka biyu da rabi, kuma akwai ƙanana masu tasowa a bayan manya. Dalili kuwa a fili yake: itacen da ke cikin gonar mutum dukiyarsa ce, yana ba shi inuwa da 'ya'ya da abincin dabbobi da kuɗin sallah, don haka ba zai sayar da shi gaba ɗaya saboda cinikin rana guda ba. Na biyu, yawancin itacen da birni ke ƙonawa ya daina zuwa a bayan jaki. Manyan motoci ne suke kawo shi daga dazuzzuka masu nisa, wasu har kusan kilomita 300, inda daji ba shi da mai tsaronsa, ana kayar da itace daga tushe. Ashe ɓarnar tana nan, amma ba a wurin da aka nuna da yatsa ba.

A cikin shekarun 1990 aka ci gaba da bincike a ƙauyen Tumbau na ƙasar Gezawa, inda mutum fiye da 200 ke zaune a kowane murabba'in kilomita. Frances Harris ta auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita daga cikinta, ta nuna yadda taki da harawar wake da gyaɗa da ƙurar hunturu suke riƙe da ƙarfin ƙasa. A 2018 kuma Muhammad Usman da Janet Nichol suka wallafa nazarin hotunan tauraron ɗan Adam wanda ya nuna itatuwan gonakin Kano sun ƙaru ƙwarai a kan na da. Sai dai ƙidayar ba ta ɓoye aibu ba: darbejiya, wadda baƙuwa ce daga Indiya, ita ke mamaye wuri, itatuwan gado irin su ɗorawa suna ja da baya. Har ila yau birni yana cin gonaki ta wajen Gunduwawa da Jogana.

Otal da Sabon Lissafi

Ana cikin haka, sana'ar saukar baƙi ta sake kama. Gwamnatin Audu Baƙo, daga 1967 zuwa 1975, ta gina otal a bakin tafkin Bagauda, 'yan kasuwa kuma suka bi da nasu a cikin birni. Otal na zamani yana buƙatar lantarki dare da rana saboda na'urar sanyaya ɗaki da firji da famfo, kuma in wuta ta ɗauke sai janareta. Lita ɗaya ta man dizal in ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.7 na iskar kabon. A gefe guda, gidajen burodi da masu tuwo da 'yan tsire, waɗanda su ne ainihin masu ciyar da matafiyi, ba su rabu da itace da gawayi ba. Duk lokacin da kananzir ko gas ya yi tsada, kamar yadda aka gani bayan janye tallafin kananzir a 2016, jama'a sukan koma ga gawayi, alhali kuwa kilo ɗaya na gawayi yana cin kilo biyar na itace ko fiye.

A 2012 manyan kamfanonin otal 23 na duniya suka amince da ma'auni ɗaya, watau a lissafa iskar kabon da ɗaki guda ke jawowa a kwana guda da baƙo ya yi a cikinsa. Bayan yarjejeniyar Paris ta 2015, Nijeriya ta kafa dokar sauyin yanayi a 2021, ta kuma yi alkawarin daidaita abin da take fitarwa da abin da take shanyewa kafin 2060. Ma'aunin otal ɗin yana da amfani, domin mai gidan da ya rubuta litocin dizal na wata ya raba da yawan kwanan baƙi zai gane nan take ko janaretansa ya fi ƙarfin bukatarsa. Amma an tsara shi ne don gidajen da ke da mita da rasit. Ba ya tambayar inda itace ya fito, kuma a nan ne tarihin Gezawa yake da abin faɗi. Reshen da aka datsa daga gawo mai rai zai sake tofowa ya shanye iskar da ya fitar. Itacen da aka kayar daga tushe a dajin da ba za a sake shukawa ba, hayaƙinsa ya tafi ke nan. A bakin murhu nauyinsu ɗaya, amma a lissafin kabon akwai tazara mai nisa tsakaninsu.

Kammalawa

Tambaya uku ke gaban mai masauki da jami'in da ke ba shi lasisi: me aka ƙona, nawa aka ƙona, daga ina ya fito? Biyu na farko littafin ajiya ya ishe su. Ta uku sai an tashi an bi mota har inda ta yi lodi. Jami'in gandun daji da ya hana manomin Gezawa datse reshen itacen gonarsa, ya bar motar gawayi ta wuce da takardar haraji, ya maimaita kuskuren shekarun 1970, kuma zai rage wa manomi sha'awar renon itacen da ba shi da iko da shi. Ɗaliban da za su gaji wannan aiki suna da kwamfuta da hotunan tauraron ɗan Adam waɗanda magabatansu ba su samu ba, amma har yanzu akwai buƙatar wanda zai tsaya a bakin hanyar Gezawa da safe ya ƙirga abin da ke wucewa.