Mene ne ke sa kwamfuta saurin ba da amsa?

A zaɓen 27 ga Disamba 2020, hukumar zaɓe ta CENI ta yi aiki da sabon girgam na zamani mai ɗauke da sunayen ƴan Nijar fiye da miliyan 7. Gano sunan mutum ɗaya na ƙaramar hukumar Gafati, a gundumar Mirya ta jihar Damagaram, cikin irin wannan rumbun bayanai na iya ɗaukar ƙiftawar ido, ko kuma ya sa jama'a dogon jira a layi. Bambancin yana ga yadda aka tsara rumbun.

Idan babu jadawalin nema, na'ura tana bin sunaye ne ɗaya bayan ɗaya. Idan kuwa an jera su bisa tsari, sai ta riƙa raba jerin gida biyu tana watsar da rabi, ta kai ga suna ɗaya cikin miliyan 7 a matakai 23 kacal. Jadawalin da aka fi amfani da shi a yau, mai rassa kamar itace, Rudolf Bayer da Edward McCreight ne suka ƙirƙiro shi a kamfanin Boeing na Amurka a 1970.

Masana ba sa gyara da ka. Sukan fara da auna lokacin da kowace tambaya ke ci, su ware waɗanda suka fi jinkiri da waɗanda aka fi maimaitawa, su yi gyara ɗaya, sannan su sake aunawa. Manhajoji irin su PostgreSQL da MySQL suna nuna hanyar da za su bi kafin su ba da amsa, kuma suna zaɓenta ne bisa ƙididdigar bayanan da ke cikinsu, dabarar da Patricia Selinger da abokan aikinta na IBM suka bayyana a 1979. In ƙididdigar ta tsufa, na'ura kan bi doguwar hanya.

Yanayin bayanan ma yana da tasiri. Nema da lambar kati ya fi nema da suna sauri, domin masu suna Musa ko Hadiza ba su ƙirguwa, ga kuma suna ɗaya da ake rubutawa Mahamane, Mamane ko Maman.

Gyaran yana da nasa tsada: kowane ƙarin jadawali yana cin wuri, yana kuma rage saurin shigar da sabbin sunaye. Sannan ba kowane jinkiri ne laifin rumbu ba. A karkara, raunin intanet da ɗaukewar wuta kan riƙe amsar da na'ura ta riga ta gama shiryawa.