Inda Ayari Ke Watsewa: Zangunan Dutse a Tseren Keke

Mai keken da ya ɗauro buhun albasa daga Aliero zuwa kasuwar Jega ya san cewa a miƙaƙƙiyar hanya kaya ba sa magana, sai an zo ɗan hawa kafin buhu ya faɗi nauyinsa. A kan wannan sanin aka gina babban tseren keke na Faransa, wato Tour de France, da takwarorinsa na Italiya da Sifen. Tafiya ce ta mako uku, zango 21, kimanin kilomita 3,500, kuma bisa al'ada akan jinkirta wasu daga cikin tsaunuka mafi wuya sai makon ƙarshe. Ra'ayina shi ne wannan al'ada ce ta mayar da tseren alƙali mai adalci, ko da yake waɗanda suka ƙirƙiro ta kasuwar jarida suke nema.

Jaridar L'Auto ce ta shirya tseren farko a 1903 don ta samu masu saye. Zango shida ne, kuma Maurice Garin ya ba na biyu tazarar kusan awa uku. A 1910 edita Henri Desgrange ya yarda aka tura mahaya cikin tsaunukan Firanis, kan iyakar Faransa da Sifen, har da hawan Tourmalet mai tsayin mita 2,115. Zangon da ya tashi daga Luchon zuwa Bayonne kilomita 326 ne, a kan turbar tsakuwa, da kekuna marasa giyar canzawa, domin sai a 1937 aka halatta ta a tseren. Octave Lapize, wanda ya ci zangon da tseren baki ɗaya, sai da ya sauka ya tura kekensa, ya kuma kira masu shirin makasa. A 1913 ƙarfen da ke riƙe tayar gaban Eugène Christophe ya karye a gangaren Tourmalet. Ya saɓa keken ya gangara da ƙafa har ya sami maƙera a wani ƙauye, ya gyara da hannunsa, tunda doka ta hana a taimaki mahayi. Duk da haka aka ci shi tarar mintoci, wai don wani yaro ya zuga masa zugazugi. Rashin imanin masu shirin a fili yake, amma labari irin wannan shi ke sayar da jarida.

To ina adalcin? Jega tsohon zangon fataken goro ne a hanyar Gwanja, don haka misalin ayari ba baƙo ba ne a nan. A fili, babban abokin gabar mai keke iska ce, kuma wanda ya lafe a bayan wani yana rage wahala ƙwarai. Kowace ƙungiya mahaya takwas ce, bakwai suna tare wa madugunsu iska, suna kawo masa ruwa da abinci, har rago ma kan iya ɓuya cikin ayari a iso tare da shi. A kan hawa gudu yana raguwa, fakewa a bayan wani ba ta da amfani sosai, abin da ya rage shi ne ƙarfin mutum a kan nauyin jikinsa. Yaran madugu sai su riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya har ya rage shi kaɗai. Jinkirta dutsen kuwa yana ƙara wani gwajin, wato wa jikinsa ke warwarewa cikin dare bayan wahalar kwana goma sha takwas. A tseren Italiya na 2018, Simon Yates ya yi kwana 13 yana kan gaba, a zango na 19 gajiya ta kama shi a hawan Finestre, ya yi asarar kusan minti 39, Chris Froome kuma ya ɓalle shi kaɗai saura kilomita 80 ya karɓe tseren. A Faransa a 2023, Tadej Pogačar ya sare a hawan Loze a zango na 17, Jonas Vingegaard ya ba shi fiye da minti biyar a rana guda.

Wani zai ce ai dutsen ne ya koya wa mahaya shan ƙwaya. Akwai gaskiya a ciki: Tom Simpson ya mutu a kan dutsen Ventoux a 1967 da ƙwaya a jikinsa, kuma a 2012 aka ƙwace nasarori bakwai na Lance Armstrong. Sai dai maguɗin bai tsaya a dutse ba, ya shiga zangunan fili da tseren yini ɗaya, har da guje-guje na ƙafa. Wanda ya ɓata ma'auni shi ake tuhuma, ba a fasa tiya don an kama mai algus. Wata sukar ita ce ba kullum dutse ke yanke hukunci ba, domin a 1989 Greg LeMond ya ƙwace tseren daga Laurent Fignon da daƙiƙa takwas a ranar ƙarshe, a gudun ɗai-ɗai da agogo zuwa Paris. Haka ne, amma su biyun sun kai ga wannan rana ne saboda tsaunuka sun riga sun tankaɗe sauran.

Sukar da ta fi nauyi ita ce alƙalin yana fifita ɗan dutse, kuma ba zan musa ba. Daniel Teklehaimanot na Iritiriya, ƙasar da babban birninta ke sama da mita 2,300, shi ya sa rigar gwanin hawa a Faransa a 2015, kuma Kigali mai tuddai ce ta karɓi gasar duniya ta farko a Afirka a 2025. Yaron da ya tashi tsakanin Maiyama da Jega ba shi da hawan awa guda da zai gwada ƙafarsa. Amma Vingegaard ɗan Denmark ne, ƙasar da tudunta mafi tsayi bai kai mita 200 ba, ya kuma ci tseren sau biyu, a 2022 da 2023. Abin da ya samu tun yana yaro shi ne ƙungiya da mai horarwa da tseren da zai shiga kowane mako. Burkina Faso ma shimfiɗaɗɗiya ce kamar Kebbi, kuma tun 1987 take shirya Tour du Faso, inda zafin rana da iskar gefe ke watsa ayari.