Filin Daga Tsakanin Katsina da Maraɗi

Duk matafiyin da ya tashi daga birnin Katsina ya nufi Maraɗi, ya bi ta Jibiya, ya tsaya a shingen Magama kafin ya ƙetara zuwa Ɗan Isa, to, a kan filin daga yake tafiya, ko da bai sani ba. A wasu ƙasashe akan keɓe irin wannan wuri. Amurkawa sun adana filin Gettysburg, inda aka gwabza a 1863 lokacin yaƙin basasarsu, a Umuahiya kuma akwai gidan adana kayan yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970. A nan kuwa gonakin gero ne suka rufe inda dawaki suka yi sukuwa.

Asalin al'amarin shi ne jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A 1807 Malam Ummarun Dallaje da jama'arsa suka ci birnin Katsina. Sarki Magajin Halidu ya fita ya yi arewa, ya halaka a rijiya a Ɗankama. Waɗanda suka tsira suka naɗa Ɗankasawa, wanda daga baya ya kafa mulkinsa a Maraɗi. Tun daga nan Katsina ta zama biyu, kowacce tana cewa ita ce mai gado. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci taron Gobirawa da Maraɗawa a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka kwanta dama. Duk da haka wutar ba ta mutu ba, domin a zamanin Ɗanbaskore mayaƙan Maraɗi sun yi ta kai hari har bakin ganuwar Katsina. Talakawan da ke tsakani su suka sha wahala, garuruwa suka watse, ƙasar Ruma ta koma daji.

Lalle wannan yaƙin 'yan'uwa ne, gama harshe ɗaya ne, kuma zuriya ta sarƙe. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta tarar da rabuwar ne, ta tabbatar da ita.

To, ina abubuwan tunawa? Suna nan ga mai lura: kufai, da ragowar ganuwa, da waƙoƙin makaɗan fada, da sarautu. Har yau mai mulkin Maraɗi Sarkin Katsina ake kiransa, kuma akwai Kaura da Galadima da Durɓi da 'Yanɗaka a fadojin biyu.

Amma ganuwa ta ƙasa ce, kowace damina tana cin rabonta, tsofaffi masu riƙe da labari kuma suna ƙarewa. Wajibi ne ɗalibai su rubuta abin da ke bakin dattawa, hukumomin ƙasashen biyu kuma su kiyaye wuraren, domin 'yan baya su san irin hasarar da gaba tsakanin dangi ta jawo wa wannan ƙasa.